Lasisin Manjo da Makullin Jar Mota

In dai maganar cika baki ake yi a garinmu na Kessler, to kowa ya matsa gefe ya ba Norbert Zielinski hanya. Mutumin nan ya yi ritaya daga tuƙa motar share ƙanƙara, amma bakinsa ko hutun ƙarshen mako bai taɓa ɗauka ba. In ka ce ka kama kifi, nasa ya fi naka tsawo. In ka ce sanyin hunturun bara ya kusa kashe ka, shi a ranar da singileti ya fito ya share ƙofar gida. Abin da ya fi tinƙaho da shi kuwa lafiyarsa ce. Sai ya bugi ƙirji ya ce tunda uwarsa ta haife shi ko mura ba ta taɓa kwantar da shi ba, shi da likita a coci kawai suke gaisawa.

Abu biyu Norbert yake so a duniya, ban da matarsa Bernice, wadda ta ce ita ma ba ta tabbatar tana cikin lissafin ba. Na farko karensa Manjo, wani gajere mai tumbi da kunnuwa har ƙasa, wanda bai iya komai ba sai ci da haushin kurege. Na biyu kuwa tsohuwar jar motar kwana-kwana ta gari, wadda ta daina kashe gobara tun zamanin kakanninmu, ake fito da ita sau ɗaya a shekara ranar faretin huɗu ga Yuli, bikin samun 'yancin ƙasa. Shekara da shekaru Norbert ne a kan sitiyarinta, da hular ƙarfe a ka, yana danna jiniya yana ɗaga wa mutane hannu kamar shi ya ƙwato wa ƙasar 'yanci. Duk shekara wannan yinin yake jira, kuma kowa ya san ko da wasa ba a taɓa masa makullin motar nan.

Bara ne aka samu akasi. Manjo na zaune a gefensa ana tsakiyar fareti, sai ya hango kurege a kan bishiya, ya daka tsalle ta kan cinyar Norbert. Sitiyari ya karkace, saura ƙiris jar mota ta bi ta kan 'yan badujalar makarantar sakandare. Mai busa musu babban ƙaho sai a cikin furannin bakin titi aka tsamo shi. Saboda haka kwamitin fareti, wanda Rhonda Petrak shugabar 'yan kwana-kwana ke jagoranta, ya kafa doka cewa ba dabbar da za ta sake hawa motar, sai fa karen da ke yi wa mai naƙasa aiki, tunda shi duk inda mai shi ya shiga ba a hana shi.

Kowace safiya tsofaffin gari suna haɗuwa a gidan abincin Jolene su sha gahawa su gyara duniya. A cikinsu akwai Duane Halvorsen, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan makullin jar mota, kuma bai taɓa ɓoyewa ba.

Duane ya ce, "Ashe bana kai kaɗai za ka hau, Norb. Manjo sai kallo daga bakin titi kamar sauran talakawa."

Norbert ya ajiye kofinsa da ƙarfi. "Duane, ka buɗe kunnenka da kyau. Manjo zai hau motar nan bana, a kujerar gaba, kuma Rhonda da hannunta za ta buɗe masa ƙofa."

"Ta wace hanya?"

"Ta hanyar ƙwaƙwalwa, abin da aka raba kana bayan gida."

Gaskiyar magana, a lokacin ba shi da wata dabara, bakinsa ne kawai ya riga shi kamar kullum. Ana cikin dariya sai ƙofa ta buɗe, Malama Ardith ta shigo. Ita ce ta koya wa rabin garin waƙa a firamare, har da Norbert ɗin, kafin idonta ya tafi. Karyarta Juno, wata baƙa mai natsuwa, ta ja ta tsakanin tebura ba tare da ta taɓa ko kujera ɗaya ba, ta kai ta wurin zamanta, ta shige ƙarƙashin tebur ta kwanta. Ba wanda ya hana ta. Manjo kuwa yana waje a ɗaure jikin sandar fitila yana lasar gilashi.

Norbert ya ƙura wa wuyan Juno ido. Sai ya hango wani ɗan ƙarfe mai ƙyalli yana reto, da hatimin gari da lamba a jiki. Nan take fuskarsa ta washe. Ashe sirrin ke nan! Ɗan ƙarfen nan ne ke buɗe ƙofofi, shi kuma duk shekarun nan bai taɓa yankar wa Manjo ba, don a ganinsa lasisin kare wayon gwamnati ne na tatsar mutane. Ko gahawarsa bai ƙarasa ba ya figi Manjo sai ofishin gari.

Doreen, akawun da ke yankar lasisi, ta leƙo ta saman tabaranta. "Yau da wace ƙafa ka tashi, Norbert? Shekara nawa ina bin ka a kan karen nan?"

"Bar tone-tone, Doreen. Irin ƙarfen da ke wuyan karyar Malama Ardith nake so. Sak irinsa."

"Ai iri ɗaya ne ga kowa. Ina shaidar allurar haukan kare?"

Wannan dai Bernice ta sa an yi, don haka aka wuce wurin. Ya biya 'yan daloli, Doreen ta miƙo masa ƙarfe. Ya ɗaga shi sama yana juyawa a hasken taga.

"To yanzu Manjo ya zama karen gwamnati ke nan."

"Ya zama karen da gari ya san da zamansa," in ji Doreen. "In ya ɓata a duba lamba a kira ka. In ya ciji mutum a san an yi masa allura. Iyakarta ke nan."

"Kuma ya shiga duk inda ya ga dama."

"A'a. Wa ya gaya maka? Ba ƙarfen ne ke shigar da Juno wurare ba. Ita ma an yankar mata ne don kare ce kamar kowane kare. Abin da ke shigar da ita aikin da aka koya mata ne, da kuma larurar mai ita. Mu nan ba ma ba da wata takardar karen aiki, babu ita ma sam."

Norbert ya kanne mata ido ɗaya. "Na gane. Ba a so kowa ya sani. Kar ki damu, bakina ƙanin ƙafata."

"Norbert, ba sirri ba ne, ka tsaya ka ji!"

Ina! Ya riga ya kai bakin ƙofa yana fito.

Da ya isa gida ya ɗauko falmaran ɗinsa na farautar barewa, mai ruwan lemo ɗin nan da ake hangowa daga nesa, ya sa almakashi ya rage shi, ya rubuta a baya da manyan baƙaƙe: KAREN GWAMNATI, A BA SHI HANYA. Bernice tana tsaye a ƙofar kicin ta riƙe ƙugu. Ita ma tsohuwar direba ce, motar 'yan makaranta ta tuƙa har ta yi ritaya, kuma wanda ya yi fama da yara cike da mota ba ƙaramin abu ke ba shi mamaki ba.

Ta ce, "Almakashin ɗinkina ne wannan?"

"Aikin hukuma ake yi da shi, Bernice."

"Wace hukumar ce za ta ɗauki karen da ya cinye mini soso?"

"Ke dai zuba ido. Abin ya fi ƙarfin tunanin mata, kamar dai giyar jar mota."

Bernice ta dube shi daga sama har ƙasa, ta juya ta koma kan tukunyarta. Wanda ya san Bernice ya san kallon nan ba na alheri ba ne.

Washegari da safe Norbert ya tura ƙofar gidan abincin Jolene da ƙafa, Manjo a gaba cikin falmaran yana jan sa kamar amalanke. Jolene ta tare su da butar gahawa a hannu.

"Norb, ka san ba a shigo da kare nan."

"Duba wuyansa, 'yar'uwa."

"Na duba. Irinsa ne a wuyan karen kowa a garin nan. To bari in yi maka tambayar da aka yarda in yi. Saboda wata naƙasa kake tafe da shi?"

Norbert ya ɗan yi tari. "Wannan sirrin gwamnati ne."

"Wane aiki aka koya masa ya yi maka?"

"Ayyuka da yawa. Ba sa ƙirguwa."

Daga can kusurwa Malama Ardith ta ɗago kai. Idonta ba ya gani, amma kunnenta ko sauro ya yi kuskuren murya sai ta ji. "Wane ne wannan mai haki kamar tsohon injin yankan ciyawa? Kai ne ko karen, Norbert?"

"Ina kwana, Malama. Abokin aikin Juno ne na kawo."

"Juno ta yi kusan shekara biyu a makaranta kafin a damƙa mini ita. Naka wace makaranta ya yi?"

"Makarantar duniya, Malama."

"Irin wadda ka yi ke nan. Na tuna ka, a layin baya nake ajiye ka in ce ka riƙa motsa baki kawai."

Tebur ya kwashe da dariya. Manjo ya ga hankalin kowa ya tafi wani wuri, sai ya ɗora ƙafafu a cinyar Duane, ya zare tsiran alade daga farantinsa ya haɗiye ba tauna, ya bi da ƙwai. Duane ya miƙe da ihu, gahawa ta kwaranye masa a wando. Jolene ta nuna ƙofa da butarta.

"Ko da na gaske ne, in ya hau teburin mutane fitar da shi ake yi. Waje!"

Da wani mai hankali ne, da ya tsaya nan. Norbert kuwa ya fito yana murmushi, don a ganinsa ya samo sauran sirrin a kyauta. Ashe tambaya biyu ce kawai: larura da aiki. Ƙarfe yana da shi. Saura ya samo ciwo.

Nan fa aka yi ta. Ya zauna a kicin yana lissafa cututtuka kamar mai zaɓen taye. Makanta ba za ta yiwu ba, kowa ya san yana karanta jarida. Kurumta kuma Bernice ta ce wannan ya daɗe da ita, amma ba wanda zai ba shi kare a kai. Can sai ya buga tebur.

"Suma! Ciwon da ba a gani. Sai in ce nakan yanke jiki in faɗi, Manjo ne ke farfaɗo da ni."

Bernice ta ajiye cokali. "Norb, a gaban Rhonda za ka faɗi haka? Ka yi tunanin abin da za ta..."

"Bernice, don Allah. Na taɓa shiga miki harkar girki?"

"Shi ke nan. Allah ya ba da sa'a."

Horo ya fara a filin bayan gida. Norbert ya cusa guntun tsiran alade a aljihun rigarsa na ƙirji, ya yi ƙara, ya zube a ciyawa. Manjo ya sheƙo ya hau ruwan cikinsa yana tura hanci a aljihu yana lashe masa haɓa. Daga nesa sai ka rantse ceton rai yake yi. Suka maimaita da safe, suka maimaita da yamma, har gwiwar Norbert ta kumbura, tumbin Manjo ya ƙara faɗi. Maƙwabta suna leƙe ta taga. Kafin mako ya zagayo labari ya kai shagon aski cewa Norbert Zielinski yana faɗuwa a filin bayan gidansa kamar buhun dankali, har wata tsohuwa ta aiko masa da miyar kaza. Ya shanye miyar ya ce ka ga, ko ba a je ko'ina ba dabara ta fara biya.

Asabar ɗin da ta rage kafin fareti ita ce ranar karin kumallon fanke a zauren 'yan kwana-kwana. Gari kakaf yake zuwa, a ci fanke da zumar da ake tatsa daga itace da tsiran alade, a tara wa ma'aikatar gudummawa, daga ƙarshe shugaba ta miƙa wa direban bana makullin jar mota a gaban jama'a. Motar tana nan a gefe an wanke ta tana ƙyalli. Rhonda ta hau ɗan dandamali, makulli yana reto a yatsanta, ta ce, "Kamar yadda aka saba, ina Norbert?"

Sai ga shi ya shigo ta babbar ƙofa, da hular ƙarfe da sabuwar farar riga, Manjo cikin falmaran yana shaƙar iska kamar zai haɗiye zauren. Da ya miƙa hannu kawai ya karɓi makulli, da an tashi lafiya. Amma ina, sai da ya juya ya fuskanci jama'a.

"Shugaba, kafin ki ba ni, ina so a shaida. Bana da Manjo zan hau, domin yanzu karen aiki ne. Ga lasisinsa."

Rhonda ta sauke hannunta kaɗan. "Norb, wannan lasisin gari ne. Kyanwata ce kawai ba ta da irinsa."

"Yi mini tambayoyin nan biyu. Na san su."

Ta yi ajiyar zuciya. "To. Saboda wata larura kake buƙatarsa?"

"Ƙwarai kuwa!" Ya ɗaga murya yadda na bayan zaure za su ji. "Suma nake yi. Ba sallama, ba gargaɗi. Ina tsaye lafiya lau, sai kawai duhu, sai ƙasa."

Kowa ya juyo yana kallonsa. Duane, da ke zaune da hannu ɗaya a kan cokali, ya ɗago a hankali, idonsa ya fara ƙyalli. Cikin murya mai taushi kamar ta mai jaje ya ce, "Ayya, mutumina. Ko a zaune ma tana zuwa?"

"A zaune, a tsaye, ko'ina!"

"Har in kana tuƙi?"

Bernice ta rufe fuska da tafin hannu. Norbert kuwa ya ga dama ta samu ta rufe bakin Duane har abada.

"In ina tuƙi ma ta fi zuwa! Shi ya sa dole Manjo ya zauna a gefena. Ka gane yanzu, ko sai na zana maka?"

Rhonda ta dubi makulli, ta dubi Norbert, ta dubi yaran badujala da ke cin fanke a teburin gaba. Mai busa babban ƙaho ya daina tauna.

Norbert bai lura ba. Ya ce, "Ga aikin da aka koya masa kuma. Kowa ya kalla." Ya saki igiya, ya dafe ƙirji, ya yi wani irin gurnani, ya zube a kan siminti rigif. Hular ƙarfe ta gangara tana ƙara.

To, a filin bayan gidansa guntun tsire ɗaya ne a duniya, kuma yana aljihun Norbert. A zauren nan kuwa ga faranti guda an tula shi kamar tsauni yana tururi. Manjo ba wawa ba ne. Ya tsallake ubangidansa kamar ba su taɓa haɗuwa ba, ya haye benci, ya dira a kan teburin abinci. Teburin irin mai naɗewa ne, ƙafarsa ɗaya ta karye, fanke ya tashi sama, tulun zuma ya kife ya malala a ƙasa. Duane ya zabura zai kama karen, ƙafarsa ta taka zuma, ya tafi suuu ya zauna a kan hannunsa yana kiran sunan uwarsa. Mata na ihu, yara na tafi.

Shi kuwa Norbert yana kwance ido a rufe yana raɗa, "Manjo! Nan, ɗan banza, nan!"

Abin da ya manta shi ne, zauren cike yake da 'yan kwana-kwana, mutanen da aka horar a kan ceton rai, kuma sun daɗe ba su samu wanda za su ceta ba. Kafin ya ankara ƙarti sun rufar masa. Wannan ya danne kafaɗa, wancan ya kafa masa abin shaƙar iska a fuska, wani ya sa almakashi ya tsarge sabuwar farar rigar nan daga wuya har cibiya.

"Lafiyata ƙalau! Ku sake ni!"

"Kwanta, Baba, kar ka yi magana. Duk haka suke cewa."

Mai almakashi ya laluba aljihu ko zai samu maganin da yake sha, sai ya zaro guntun tsiran alade ya ɗaga sama. "Shugaba, wannan fa?"

Malama Ardith tana zaune a wurinta tana shan gahawa, Juno a kwance a ƙafarta. Wani fanke ya faɗo daidai gaban hancin karyar, ta dube shi ta kau da kai. Malama ta ce wa ta kusa da ita, "Ba sai kin ba ni labari ba, 'yata. Na ji faɗuwar tebur, na ji muryar Norbert. Sauran na cike da kaina."

Manjo kuwa ya cika baki da tsire, ya bi ta tsakanin ƙafafun mutane ya fice ta babbar ƙofa, falmaran yana kaɗawa a bayansa.

Da ƙyar Norbert ya ƙwace ya miƙe, riga a buɗe, tumbi a waje, zuma a gashi. Ya miƙa wa Rhonda hannu. "Wasa ne, Shugaba. Gwaji ne kawai. Kawo makullin."

Rhonda ta jefa makulli a aljihunta ta ja zif. "Norb, yanzu a gaban gari ka ce kana suma a kan sitiyari."

"Ƙarya nake yi!"

"To da wanne zan yi aiki? Da wanda ya ce yana suma, ko da wanda ya ce shi maƙaryaci ne? Yara ne ke tafiya a gaban motar nan. Ka kawo mini shaidar likita cewa lafiyarka ƙalau, sai mu yi magana."

"Ni da ko mura..."

"Miyar kaza fa da aka kai maka?" in ji wata murya daga baya.

Ya fita bai ko ɗauki hularsa ba. Sai a waje ya tuna ba Manjo. Nan cika baki ya ƙare, tsoro na gaske ya kama shi. Ya zaga gari da yagaggiyar riga yana kira, ya duba bakin rafi, ya duba babban titin da manyan motoci ke wucewa. Ya koma gida da la'asar ya zauna a matakala ya yi tagumi, har Bernice ta tausaya ta kawo masa ruwa. Suna nan sai ga motar Doreen ta tsaya. Ta buɗe ƙofar baya, Manjo ya sauko da ƙyar, ciki kamar ganga, falmaran ya tafi, ɗan ƙarfen nan kawai ke reto a wuyansa.

Doreen ta ce, "Wani manomi can bayan gari ya same shi yana barci a rumfar shanunsa. Ya karanta lamba ya kira ni. Yau Asabar, amma na taso. Ka ga aikin lasisi ke nan, Norbert. Ya dawo maka da karenka. Bai taɓa yi maka alkawarin komai ba bayan wannan."

Norbert ya rungume karen, ya kasa cewa komai. A tarihin Kessler wannan ne karo na farko.

Ranar Litinin tun da sassafe ya kira asibiti. Yarinyar da ta ɗauka ta ce tunda bai taɓa zuwa ba sai an buɗe masa sabon fayil, kuma likita ba shi da sarari sai cikin Agusta. Ya ce gaggawa ce. Ta ce in suma ya yi ya kira motar asibiti. Ya ce bai suma ba. Ta ce to Agusta.

Abu ɗaya ya rage masa na sanyaya rai: hannun Duane yana naɗe a bandeji, ba zai iya juya sitiyari ba. Norbert ya riƙa gaya wa duk wanda ya tsaya cewa dole su dawo su roƙe shi, don duk garin nan ba mai iya giyar jar mota sai shi.

Ranar fareti rana ta fito tarwai. Ba wanda ya zo roƙo. Ya nemi Bernice a gida ya rasa, ya ɗauka ta tafi taya matan coci sayar da lemo. Ya ja Manjo suka tsaya a bakin titi cikin talakawa, daidai inda Duane ya faɗa. Bai gama tsayawa ba wata mata ta buɗe masa kujerar naɗewa. "Zauna, Baba, rana da zafi." Wani ya kafa masa laima. Jolene ta miƙo ruwan sanyi ta ce ya riƙa sha kaɗan-kaɗan. Duane ya matso da hannunsa a rataye ya ce, "In ka ji duhu-duhu ka faɗo ta wajena, mutumina, amma ban da wannan hannun."

Sai jiniya ta tashi. 'Yan badujala suka wuce, ga jar mota tafe a bayansu, a miƙe sambal, giya na shiga ba ko ƙara. A kan sitiyari, cikin hular ƙarfen Norbert, Bernice ce zaune tana tuƙi da hannu ɗaya kamar a cikinta aka haife ta. A gefenta Malama Ardith ce, baƙuwar girmamawa ta bana, tana ɗaga hannu. A tsakaninsu kuma Juno ta zauna a kujerar gaba, kurege ya gilma a kan waya ko kallonsa ba ta yi ba.

Da motar ta zo daidai inda yake, Bernice ta rage gudu, ta ɗebo alewar da ake watsa wa yara, ta jefo masa guda ɗaya ta sauka a cinyarsa.

Ta ce, "Maigida, giyar ba wuya! Kai dai zauna, kar ka faɗi!"

Norbert ya buɗe baki zai mayar da magana, jiniya ta danne shi. Ya sunkuya zai ɗauki alewar, ashe Manjo ya riga shi, har da takardar.